Martani: Ba Kowace Tsohuwar Kwamfuta Ce Ke Buƙatar Sabon Katin Girafik Ba

Edita, ina roƙon fili in mayar da martani ga maƙalar da wani ɗan'uwa ya rubuta kan yadda za a farfaɗo da tsohuwar kwamfutar gem da zane. Malam marubuci ya yi ƙoƙari, kuma daga yadda yake ambaton kayan an san hannunsa ya saba da sukundireba. Sai dai shawarar da ya bayar, in aka bi ta ido rufe, za ta jefa masu ƙaramin jari cikin asarar da ba su shirya mata ba.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Na ɗaya, duk kwamfutar da ta fara nauyi, katin girafik ne ciwonta, don haka kusan duk abin da mutum ya tara a zuba shi a can. Na biyu, tunda ramin da ake soka katin bai canza siffa ba, kowace tsohuwar na'ura za ta ɗauki sabon kati. Na uku, RAM da faifan ajiya da fawa-fak ƙananan abubuwa ne, a bar su sai an samu sarari. Sannan ya rufe da cewa a nemi babban kati na hannu irin RTX 3080, tunda farashinsa ya sauko.

Akwai inda muka yi tarayya. Wanda ke da furosesa mai ƙarfi da isasshen RAM da SSD, amma har yanzu yana fama da GTX 1060 da ya fito tun 2016, shi kam kati ne maganinsa. Akwai wasannin da ba sa tashi kwata-kwata sai a kan katin da ke da fasahar bibiyar haske, wadda Nvidia ta fara sakawa a katunan RTX a 2018. Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 suna cikinsu. Haka mai aiki da Blender ko DaVinci Resolve, kati mai ƙarfi yana rage masa zaman jira ƙwarai. Wannan duk gaskiya ne. To amma mutum nawa ne cikin masu karanta wannan jarida suke cikin wannan hali?

Ka leƙa shagunan buga katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa, ko gidajen gem na unguwa. Abin da za ka fi gani shi ne Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama: furosesa Core i5 ta ƙarni na huɗu ko na shida, RAM giga 8, da tsohon faifai mai juyawa. Wasu kuma suna da ta haɗi, wadda aka harhaɗa wajen 2017 da Ryzen 5 1600. Soka RTX 3080 a irin waɗannan kamar ɗora injin tirela ne a kan Adaidaita Sahu. Injin ba shi da laifi, amma ba inda za a je.

Babban giɓin da ke cikin maƙalar Malam shi ne bai ce a auna ba kafin a saya, alhali kwamfuta da kanta take nuna inda take shaƙewa, kuma ba a biyan ko kwabo. Mutum ya buɗe aikin da ya saba yi, ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga shafin Performance na Task Manager. Layuka huɗu zai duba: furosesa, RAM, faifai, kati. In faifai ya tsaya a kashi 100 yayin da sauran ke hutawa, ga mai laifi nan. In RAM ya cika maƙil, shi ne. A cikin gem kuwa, manhajar MSI Afterburner tana nuna lambobin a gefen allo. Katin da ke aiki kashi 97 zuwa 99 ya kai maƙurarsa, canza shi zai yi amfani. Katin da ke yawo a kashi 50 ko 60 jiran furosesa yake yi, kuma wanda ya fi shi girma ma jiran zai zo ya yi. Akwai wani gwaji mai sauƙi: a rage kaifin hoton gem ɗin zuwa ƙasa sosai. In gudun ya ƙaru, kati ne matsalar. In bai motsa ba, a bar kati ya huta.

Malam ya haɗa ɗan gem da mai zane a kwando ɗaya, alhali buƙatunsu sun sha bamban. Mai zanen bana da katin gayyata a ƙasar nan CorelDRAW ce gonarsa, sai Photoshop. CorelDRAW ta fi dogara da saurin furosesa da yalwar RAM. Photoshop tana taɓa kati a wasu ayyuka, amma abin da ke sa ta sandarewa a kan babban fayil shi ne ƙarewar RAM, domin daga nan sai ta koma ajiye aikin wucin gadi a kan faifai. In faifan mai juyawa ne, mai zane ya jingina da kujera ya jira. Kamfanin Adobe da kansa ya ce giga 8 shi ne mafi ƙaranci ga Photoshop, ya ba da shawarar 16 ko fiye. Ga Premiere Pro, wadda masu tace fim da bidiyon biki ke amfani da ita, shawararsa giga 16 ce ga aikin HD, 32 ga 4K. Wanda ya bi Malam ya sayi katin ɗaruruwan dubban naira ya bar RAM a giga 8, zai buɗe fayil ɗin da ya saba ya tarar da nauyin yana nan inda ya bar shi.

Abin da Malam ya kira ƙaramin abu, wato faifai, shi ne gyaran da ya fi kowane sauya halin tsohuwar na'ura. Faifai mai juyawa yana karanta mega 100 zuwa 200 a sakan in fayil ɗin a jere yake, kuma duk lokacin da aka nemi ƙananan fayiloli a warwatse sai allurarsa ta yi ta kai da komo. SSD na SATA yana kaiwa kusan mega 550, ba shi da allura, ba ya neman wuri. Na NVMe yana kaiwa 3,500 a kan PCIe 3.0, ya ninka haka a kan 4.0. A nan ma kada lambobi su ruɗi mai saye. Tsallen da ake ji a jiki shi ne daga mai juyawa zuwa SSD kowane iri. Tsakanin SATA da NVMe, wajen tashin Windows da buɗe gem, bambancin ɗan kaɗan ne. Galibin madabod na ƙarni na huɗu ma ba su da ramin M.2, don haka na SATA ya wadatar. A ɗora Windows da manhajoji da aikin da ake kai a kan SSD, tsohon faifan ya zama ma'ajiyar ayyukan da aka gama.

RAM shi ne na biyu. Kafin a tafi kasuwa a buɗe CPU-Z a ga wane iri ne a ciki, domin DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasan kowanne a wurinta daban take. A duba ramuka nawa ne, da iyakar da madabod ɗin ke ɗauka. Masu H81, alal misali, ramuka biyu gare su, ba sa wuce giga 16. Sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya ta giga 16, saboda furosesa tana ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda, kuma ana ganin tasirin haka a gem, musamman a kan Ryzen. Ɗan gem da mai zanen bana giga 16 ta ishe su. Mai tace bidiyo ya yi ƙoƙarin kaiwa 32.

Mu dawo kan batun cewa kowane kati yana shiga kowace na'ura. Shiga rami daban, aiki daban. Gaskiya ne PCIe yana karɓar na baya da na gaba, amma ga misalai uku. Katin RX 6500 XT na AMD layuka huɗu kacal yake amfani da su maimakon 16, don haka a tsohon madabod mai PCIe 3.0 ƙarfinsa yana raguwa a fili, ga shi ba shi da sashen da ke matse bidiyo zuwa H.264, abin da mai tace fim ke buƙata kullum. Katunan Arc na Intel, har da B580 mai giga 12 da ya fito a Disambar 2024, suna buƙatar tsarin Resizable BAR kafin su nuna ƙarfinsu, kuma na'urorin ƙarni na huɗu da na shida ba su zo da shi ba. Na uku, siririyar OptiPlex ko EliteDesk akwatinta ba ya ɗaukar kati mai tsayi, fawa-fak ɗinta bai kai wat 300 ba, ba shi da wayar ciyar da kati, kuma da yawansu fulogin kamfanin ne na musamman, ba a musanya shi da na kasuwa kai tsaye. Mai irin wannan na'ura iyakarsa gajeren katin da ke shan wuta daga ramin kawai, wato wat 75 zuwa ƙasa, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6.

Abin mamaki, Malam bai ambaci canza furosesa ba ko sau ɗaya, alhali nan ne wasu ke da babbar sa'a. AMD ta fito da mazaunin AM4 a 2016, ta ci gaba da yi masa furosesa shekara da shekaru. Wanda ya haɗa na'ura da Ryzen 5 1600 a kan madabod B350 ko B450, a mafi yawan lokuta zai iya ɗora Ryzen 5 5600 ta 2022 ba tare da ya canza madabod ko RAM ba. Dukkansu ƙwaya shida ne, dukkansu wat 65, amma ta biyun ta yi wa ta farkon nisa a gem da CorelDRAW. Mai son gem zalla yana iya neman 5700X3D. Sharaɗi ɗaya ne: a duba jerin furosesar da kamfanin madabod ɗin ya amince da su, a sabunta BIOS tun tsohuwar tana ciki, kuma a yi hakan da UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod. Ɓangaren Intel ba a samu wannan rangwame ba. Ƙarni na shida da na bakwai, da na takwas da na tara, duk mazauninsu LGA 1151 ake kira, amma furosesar ƙarni na takwas ba ta tashi a madabod ɗin na shida. Mutane da yawa sun sayo Core i7-8700 suka dawo gida suka tarar da allo baƙi ƙirin.

Inda shawarar Malam ta tashi daga asarar kuɗi ta zama haɗari shi ne fawa-fak. RTX 3080 yana shan wat 320 shi kaɗai, Nvidia ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 750, kuma an san katin da zuƙar wuta farat ɗaya fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido. Kasuwa cike take da fawa-fak marasa suna da aka rubuta wa wat 600 ko 650, ka ɗaga ka ji shi sakayau. Kada a dubi babbar lambar. A dubi teburin da ke jikinsa, a nemi layin 12V, a ninka amfiyar da aka rubuta da 12. In an rubuta 20A, wat 240 ke nan, kuma daga layin nan kati da furosesa suke sha. Fawa-fak mara kyau in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan tafi da madabod ko faifai da duk aikin kwastomomi da ke ciki. A nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, a bar masa rarar ƙarfi.

Sai kuma wutar da ke bango, wadda marubutan ƙasashen waje ba sa damuwa da ita, mu kuwa ita ce farkon lissafi. RTX 4060 wat 115 yake sha, RX 6600 wat 132, RTX 3060 mai giga 12 wat 170. Tsakanin 3080 da 4060 akwai tazarar wat 205. In katin na cikakken aiki awa takwas a rana, ƙarin yunit kusan 49 ke nan a wata. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, wanda a kan wannan farashi ya kai kusan naira dubu 11 a na'ura guda. Mai gidan gem mai na'ura goma ya yi lissafin da kansa. Wanda ke kan inbata kuwa, batir mai 200Ah a bolt 12 yana riƙe da kusan wat 2,400 na awa guda, kuma in na ruwa ne rabin haka ake so a ci don ya yi ƙarko. Na'ura mai shan wat 500 za ta cinye wannan rabin cikin kusan awa biyu da rabi, mai shan 250 ta kai ninkin haka. Ban ce 4060 ya kai 3080 ƙarfi ba, bai kai ba. Tambayar ita ce, me amfanin ƙarfin da batir ba zai riƙe ba har a gama aikin kwastoma?

Batun sayen na hannu ma yana buƙatar bayanin da Malam ya tsallake. Dalilin faɗuwar farashin waɗannan katuna sananne ne. A ranar 15 ga Satumba 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa ta hanyar katin girafik, masu haƙa suka kwance rumbunansu suka zubo katunan kasuwa. Da yawa sun shekara biyu ko uku suna aiki dare da rana. Ba dukkansu ne suka lalace ba, kuma cikin kayan da ke shigowa ta Computer Village a Ikeja su bazu zuwa Titin Beirut a Kano da Banex a Abuja akwai nagari da yawa. Amma araha ba ta ado, dole a gwada. A sa mai shago ya soka katin a gabanka. A buɗe GPU-Z, wadda ke tona asirin tsohon katin da aka sauya wa suna, kamar GTS 450 da ake sayarwa a matsayin GTX 1050 Ti. A kunna FurMark na rabin awa, a sa ido kan zafi da ƙarar fanka da ɗige-ɗige a allo. A lura da sunaye masu kama da juna: RX 580 mai laƙabin 2048SP ya fi kusa da RX 570, GTX 1060 mai giga 3 kuma an rage masa ƙwayoyi, ba giga kaɗai ba. SSD na hannu a duba awannin aikinsa da CrystalDiskInfo. Sannan a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit.

Akwai ma na'urorin da ba sa buƙatar sayen komai. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankoki tun daga Disamba. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, mai ita kuma ya ɗauka tsufa ne. A buɗe akwatin, a busa ƙurar, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa a shafa sabo, a ɗaga na'urar daga ƙasa. Wanda zai saka kati mai wat 320 a akwatin da fanka ɗaya ke shaƙar masa iska ya ƙara wa kansa wannan matsalar ne.

Monita ma ba ta samu shiga maƙalar ba. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan ba zai nuna fiye da hoto 60 ba, ko da katin na fitar da 200. Mai buga EA Sports FC ko eFootball ko GTA V a allon 1080p na yau da kullum, RX 6600 ya ishe shi har da rara. Ga mai zane kuwa, tsohon allon TN da launinsa ke canzawa in ka karkata kai shi ke haddasa rigimar nan ta kwastoma ya ce ba wannan shuɗin ya zaɓa ba. Allon IPS mai cikakken launin sRGB zai amfane shi fiye da kowane kati.

Sai dai gyara yana da iyaka, kuma wannan ma ya kamata a faɗa wa mai karatu. Microsoft ta dakatar da tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 a hukumance tana buƙatar TPM 2.0 da furosesar Intel ƙarni na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Na'urar ƙarni na huɗu mai DDR3, mafi girman abin da za a ɗora mata bai wuce irin Core i7-4790 mai ƙwaya huɗu ba. Irin wannan a saya mata SSD, a cika RAM in da araha, a tsaya nan. SSD da fawa-fak mai kyau da monita duk za su bi mai su zuwa na'ura ta gaba, RAM na DDR3 kuwa ba zai bi ba. Sauran kuɗin a tara su don canza madabod da furosesa da RAM a lokaci guda, sannan kati ya biyo baya.

Saboda haka, Malam, saɓaninmu a kan jeri ne da sharaɗi. A fara da shara da awo. Sai SSD, sai RAM, sai furosesa in mazauninta ya ba da dama, sai fawa-fak, sannan katin da ya dace da allon da wutar da mutum yake da ita. Wanda awo ya nuna masa kati ne ciwon, ya tsallake kai tsaye ya saya, ba mai hana shi. Roƙona shi ne, in za ka sake rubutu a kan wannan fanni, ka sa mai karatu ya amsa tambayoyi uku kafin ka ambaci sunan kowane kati: wane aiki yake yi, mene ne a cikin akwatinsa yanzu, kuma da wace wuta yake kunna na'urar. Yawancin masu bin shawararmu kuɗin da suka daɗe suna tarawa ne a hannunsu, kuma ɗan kasuwa ba ya karɓar kati bayan an ƙone shi. Allah Ya sa mu dace.